John Cameron da Kofin FA na 1901: Me Ake Nufi da "Tottenham Ba Ta Cikin Lig"?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Duk shekara in watan Janairu ya kama, manyan ƙungiyoyin Ingila suka shigo gasar kofin FA, akwai wata magana da take dawowa tana yawo a wayoyinmu. Yawanci da wannan hoton ake haɗa ta. Ga shi nan kuna gani: ƙarti masu gashin baki, sun harɗe hannuwa, kofi a gabansu. Maganar ita ce, tun da aka kafa gasar lig a Ingila, Tottenham ce kaɗai ƙungiyar da ta ci kofin FA alhali ba ta cikin lig ɗin. Daga nan sai musu ya ɓarke a gidan kallo. Magoya bayan Tottenham su ce, kun gani ko, tun muna 'yan dagaji muke kayar da manya. 'Yan Arsenal su ce, to ai magana ta ƙare, ƙungiyar ƙauye ce tun asali.

Maganar gaskiya ce, babu ƙarya a cikinta. Amma ɓangarorin biyu duk sun ɗauke ta a baibai, kuma wuri ɗaya suka yi tuntuɓe, wato kan kalmomin nan: "ba ta cikin lig". Hanya mafi sauƙi ta warware su ita ce mu bi sawun mutum ɗaya. Wannan. John Cameron, ɗan Sikotlan. A wasan ƙarshe na 1901, da Tottenham ta ci kofin, shi ne ɗan wasa, shi ne koci, shi ne kuma sakataren ƙungiyar.

An haife shi ranar 13 ga Afrilu 1872 a garin Ayr, bakin teku, kudu maso yammacin Glasgow. Ya fara taka leda a wata ƙungiyar garinsu, Ayr Parkhouse, daga nan ya wuce Queen's Park ta Glasgow. Ku riƙe sunan Queen's Park. Ranar da aka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a duniya, 1872, Sikotlan da Ingila, 'yan wasan Sikotlan goma sha ɗaya duk daga wannan ƙungiya suka fito. Su ne suka yi suna da salon ba-ni-in-ba-ka, a lokacin da Turawan Ingila kowa ke sa kai ƙasa ya ja ƙwallo shi kaɗai har sai an ƙwace. Saboda wannan salo ne ƙungiyoyin arewacin Ingila suka riƙa kwaso 'yan Sikotlan, har ana yi musu laƙabi da farfesoshi. Sai dai Queen's Park ba ta biyan albashi. Aƙidarta ce, kuma ta riƙe ta har shekarar 2019.

A 1895 Cameron ya sauka Liverpool, yana aiki a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa, ya shiga Everton a matsayin mai wasan sha'awa. Daga baya ya zama ɗan wasan albashi. A 1896 ya buga wa Sikotlan wasa ɗaya tilo, da Ireland, aka tashi 3-3. Ɗan gaba ne, mai natsuwa da raba ƙwallo, kuma mai ilimin boko da iya rubutu, abin da bai yawaita ba a tsakanin 'yan wasan lokacin, waɗanda galibinsu daga ramin haƙar kwal ko masaƙa suka fito.

To, 1898, sai ga Cameron ya bar Everton, babbar ƙungiya a rukunin farko, ya nufi Tottenham da ba ta cikin lig. Duk wanda ya ɗauka Tottenham 'yan dagaji ce, a nan lissafinsa zai tsaya. Ɗan wasan ƙasa, mai shekara 26, yana kan ganiyarsa, me zai kai shi ƙungiyar ƙauye? Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.

[A saka taswirar Ingila]

Ku dubi taswirar nan da kyau, domin rabin amsar tana cikinta. A 1888 aka kafa gasar da ake kira Football League. Wanda ya kawo shawarar ma ɗan Sikotlan ne, William McGregor na Aston Villa. Ƙungiyoyi 12 suka fara. Ku ƙirga ɗigon: Preston, Blackburn, Bolton, Burnley, Accrington, Everton, ga Aston Villa, West Brom, Wolves, Stoke, Derby, Notts County. Yanzu ku dubi ƙasan taswirar. Landan fayau. Duk kudancin Ingila babu ɗigo ko ɗaya. Lig ɗin na arewa ne da tsakiyar ƙasa, yankin masana'antu, inda biyan 'yan wasa ya fara kafuwa tun kafin a halatta shi a 1885. Mutanen kudu, masu riƙe da ragamar hukumar ƙwallo, sun daɗe suna yi wa ƙwallon kuɗi kallon abin kunya.

Da kudu ta farka, ba ta je ta bi layi a bayan arewa ba. Ta kafa gasarta, Southern League, wato Gasar Kudu, a 1894. Tottenham ta fara biyan albashi a Disamban 1895, ta shiga wannan gasa a 1896. A ciki akwai Southampton, Millwall, Reading, daga baya Portsmouth, West Ham, Queens Park Rangers. Suna da filaye, suna da 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa, suna da 'yan wasan albashi.

A yau, in aka ce ƙungiya ba ta cikin lig a Ingila, ana nufin tana ƙasa da rukuni huɗu na ƙwararru, daga mataki na biyar zuwa ƙasa. Tsani ɗaya ne, kowa na kansa, wani a sama wani a ƙasa. Shi ya sa da Lincoln City ta kai kwata fainal a 2017 duniya ta ɗauka, kafin Arsenal ta yi mata 5-0. A 1901 tsani biyu ne aka jingina a bango ɗaya. Na arewa ya fi tsawo da ƙarfi, wannan babu musu, amma ba a faɗowa daga wannan zuwa wancan, ba a kuma hawa daga wancan zuwa wannan. Football League sunan wata gasa ce guda, mai ƙungiyoyi 36 a rukuni biyu. Wanda ba ya cikinta, ba ya cikinta ne kawai. A kakar 1900 zuwa 1901, ƙungiya ɗaya tak daga kudancin Ingila ke cikin waɗannan 36, ita ce Woolwich Arsenal, kuma a rukuni na biyu take. To 'yan Arsenal, kun ji, kuna da abin tinƙaho a nan, kun riga maƙwabtanku shiga tun 1893. Sai dai kofin FA ya je gidan Tottenham shekara 29 kafin ya zo naku.

Wannan rabin amsa ke nan. Ɗaya rabin shi ne ya fi taɓa ni, kuma shi ne ba a cika faɗa ba.

A 1893 masu Football League suka fito da wata doka ta rajistar 'yan wasa. In ka sa hannu wa ƙungiya ɗaya a lig, rajistarka ta zama tata. Kwantiraginka zai iya ƙarewa, shekara ɗaya-ɗaya ake yi a lokacin, amma rajistar ba ta ƙarewa. Ƙungiyar za ta iya rage maka albashi, ka ƙi sa hannu, ta daina biyanka ko sisi, ta daina saka ka a wasa, kuma duk da haka babu wata ƙungiyar lig da za ta ɗauke ka sai da izininta, sai an biya kuɗin da ta yanka. Ku ɗan tsaya ku auna wannan. Magidanci ne da iyali, sana'arsa a ƙafarsa take, ƙafar kuma shekarunta ƙididdigaggu ne. An ce ba a son aikinsa, an kuma hana shi kai aikin wani wuri. Gaba kura, baya sayaki. A kan wannan kuma shugabannin ƙungiyoyi suna ta kai gwauro suna kai mari don a ƙayyade albashi, kada kowa ya wuce fam 4 a mako.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Fabrairun 1898 wasu manyan 'yan wasa suka haɗu suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan ƙwallo, irinta ta farko a Ingila. Jack Bell na Everton, shi ma ɗan Sikotlan, ya zama shugaba. Sakatare kuwa, mai riƙe da alƙalami da rubuta wasiƙu, John Cameron. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: in za a sayar da mutum, a sa shi cikin maganar, kada a yi ciniki a kansa yana waje kamar ragon layya. Masu lig suka toshe kunne.

Sai 'yan wasan suka lura da wata ƙofa a buɗe. Dokar rajistar ta Football League ce, ba ta hau kan Gasar Kudu ba. Ƙungiyar kudu za ta iya ɗaukar ɗan wasan da aka riƙe a arewa ba tare da ta nemi izinin kowa ko ta biya kuɗin sayensa ba. Kuɗin da za ta kashe wajen saye, sai ta zuba shi a albashi. Saboda haka ɗan wasan da ya bar rukunin farko ya tafi kudu, sau da yawa aljihunsa ƙaruwa yake yi, ga kuma wuyansa ya fita daga igiya. Cikin watanni kaɗan jagororin ƙungiyar ƙwadagon suka watse. Bell ya tafi Celtic a Glasgow. Harry Wood na Wolves ya tafi Southampton. Cameron, a watan Mayun 1898, ya sa hannu wa Tottenham.

Akwai masu ganin laifinsu, cewa sun kunna wuta sun bar na baya da hayaƙi, domin ƙungiyar ƙwadagon ta yi ta raguwa har ta mutu a 1901, shekarar da dokar fam 4 ta fara aiki. Ni dai ban iya ɗora musu laifi ba. Mutum ya yi magana an ƙi ji, ya ga hanyar ci da iyalinsa, ya bi. Dokar da suka yaƙa kuwa ba ƙaramar dabba ba ce. Ƙayyade albashi bai faɗi ba sai 1961. Riƙe rajista sai da ɗan wasa George Eastham ya kai tsohuwar ƙungiyarsa Newcastle kotu aka yanke hukunci a 1963. Cikakken 'yancin ɗan wasa ya tafi kyauta in kwantiraginsa ya ƙare, sai 1995, shari'ar Bosman, wani ɗan wasan Beljiyam. Duk ɗan wasan da kuka ji an ce ya koma wata ƙungiya kyauta a bazarar nan, abin da su Cameron suka fara nema ne shekara kusan ɗari kafin a samu.

Mu koma fili. Kocin da ya ɗauko shi, Frank Brettell, ya tafi Portsmouth a Fabrairun 1899, aka miƙa wa Cameron ragama yana ɗan shekara 26. A wancan zamani, a yawancin ƙungiyoyi kwamitin daraktoci ne ke zama ya zaɓi 'yan wasa, wanda ake kira manaja kuwa aikinsa rubutu da sayen tikitin jirgin ƙasa. Cameron ya haɗa duka: shi ke nemo 'yan wasa, shi ke tsara su, shi ke riƙe littattafai, ranar Asabar kuma ya ɗaura takalmi ya shiga. A wannan shekarar ƙungiyar ta tare a White Hart Lane. A 1900 ta ci Gasar Kudu.

Yanzu mu dawo kan hoton farko. Zan bi su ɗaya-ɗaya, ku saurari inda kowa ya fito. Mai tsaron raga George Clawley, daga Stoke. Harry Erentz, daga Newton Heath, wadda yau kuka sani da Manchester United. Sandy Tait da Tom Smith, daga Preston. Ted Hughes da John Kirwan, daga Everton, tsohon gidan Cameron. Tom Morris daga Gainsborough Trinity, David Copeland daga Walsall. Sandy Brown ya zo daga Portsmouth, amma shi ma tsohon ɗan Preston ne. Kyaftin Jack Jones kuwa, daga ina? Daga Sheffield United, ƙungiyar da za su haɗu da ita a wasan ƙarshe. Kowanne a cikinsu ya ɗanɗana Football League kafin ya biyo waccan ƙofa. 'Yan Sikotlan biyar, 'yan Wales biyu, ɗan Ireland ɗaya, 'yan Ingila uku, kuma ko ɗaya babu haifaffen Landan. Waɗannan su ne ake ce wa 'yan dagaji.

Af, Tait da Brown ƙauyensu ɗaya, Glenbuck, wani ɗan ƙauyen masu haƙar kwal. Daga nan ne Bill Shankly, shahararren kocin Liverpool, ya fito daga baya. Ƙauyen ya tashi tuni, babu kowa a ciki, amma ya cancanci bidiyo nasa na kansa.

Hanyar zuwa wasan ƙarshe, a gurguje. Preston, canjaras, aka sake, 4-2. Bury mai riƙe da kofin, 2-1. Reading, canjaras, aka sake, 3-0. Wasan daf da ƙarshe da West Brom, 4-0, duka huɗun Sandy Brown ne ya zura.

20 ga Afrilu 1901, filin Crystal Palace. Bari in yi shiru kaɗan, ku kalli wannan taron.

[A bar hoton 'yan kallo na ɗan lokaci, babu magana]

Mutum sama da 110,000. Ba a taɓa ganin irin wannan taro a filin ƙwallo ba kafin ranar. Abokan karawar, Sheffield United, su suka ci lig a 1898, su suka ci wannan kofi a 1899. A ragarsu ga William Foulke. Ba sai na nuna muku shi ba, idonku ya riga ya same shi. Ƙato ne na gaske, in ya tsaya tsakiyar raga sai ɗan gaba ya fara tunanin ta ina ma za a bi, kuma duk da jikin nan yana da zafin nama.

Sheffield ta fara ci ta ƙafar Fred Priest. Brown ya farke, bayan hutun rabin lokaci ya ƙara ta biyu. Ko minti biyu ba a yi ba sai rigima. Ƙwallo ta kuɓuce wa Clawley, aka yi cakwakiya a bakin raga, ta fita waje. Mai tuta ya nuna bugun kusurwa. Alƙalin wasa Arthur Kingscott, yana can nesa, ya ce ƙwallo ta shiga, aka rubuta wa Walter Bennett. An ɗauki wasan a majigi, da aka haska kuma mutane suka ga ƙwallon ba ta tsallake layi ba. Masu faɗa kan VAR, ga kakan rigimarku nan. Aka tashi 2-2.

Mako ɗaya bayan nan aka sake a Burnden Park, garin Bolton. Daga mutum 110,000 aka dawo 20,470, saboda kamfanin jirgin ƙasa ya ƙi sayar da tikiti mai rahusa. Masu sayar da abinci sun shirya wa babban taro, suka yi kwantai mai yawa. Priest ya sake fara ci, aka tafi hutu Tottenham na baya. Da aka dawo, wanda ya farke shi ne Cameron da kansa, kocin. Smith ya ƙara, Brown ya rufe, 3-1. Brown ya gama gasar da ƙwallo 15, ya ci a kowane zagaye. Wajen liyafar murna matar ɗaya daga cikin daraktocin ta ɗaura wa kofin ƙyallaye shuɗi da fari, kuma daga nan ake danganta al'adar da kuke gani har yau.

To abin mamaki ne ko kuwa? Abin mamaki ne, kada a rage musu. Ƙungiyoyi huɗu na rukunin farko suka fitar. Amma Southampton, daga wannan Gasar Kudu, ta kai wasan ƙarshe a 1900, ta sake kaiwa a 1902. Shekara uku a jere ke nan kudu na da wakili a ranar ƙarshe. 'Yan wasan gasar suna buga wa Ingila, har da Vivian Woodward na Tottenham. Da Tottenham ta shiga Football League a 1908, kakar farko ta haye rukunin farko. A 1910 gasannin biyu suka yi yarjejeniya kan rajistar 'yan wasa, waccan ƙofa ta rufe. A 1920 aka kwashe ƙungiyoyin saman Gasar Kudu aka mai da su rukuni na uku na lig. Tsani biyu ya koma ɗaya. Daga ranar ne "ba ta cikin lig" ya fara ɗaukar ma'anar da muka sani, shi ya sa kuma da wuya wata ƙungiya ta sake yin abin da aka yi a 1901.

Shi Cameron bai kai ga shiga lig da su ba. Ya ajiye aiki a Maris 1907 bayan saɓani da daraktoci. Daga nan hotunansa sun yi ƙaranci, don haka za mu ɗan yi sauri. Ya riƙe alƙalami yana rubutun wasanni, sannan ya tafi Jamus yana horar da ƙungiyar Dresdner SC a birnin Dresden. Yana can yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Hukumomin Jamus suka tattara mazan Birtaniya da ke ƙasar, fararen hula, suka kai su Ruhleben, wani filin sukuwa a gefen Berlin. Mutum fiye da 4,000. A ɗakunan dawakai suke kwana, mutum shida a wurin doki ɗaya.

Wannan hoton na can ne. Ku dubi fuskokin. Steve Bloomer, gwarzon Derby da Ingila. Fred Pentland, Sam Wolstenholme, da John Brearley wanda ya yi wasa ƙarƙashin Cameron a Tottenham. Duk aikin koci ya kai su Jamus. A cikin wayar da aka kewaye su da ita suka kafa hukumar ƙwallo, suka shata fili, suka tsara gasar lig da ta kofi tsakanin ɗakunan kwana, manyan wasanni na tara 'yan kallo har dubu. Pentland ne shugaba. Sakatare kuwa, kun riga kun sani, Cameron. Ranar 2 ga Mayu 1915 aka buga Ingila da Sauran Duniya, shi ne kyaftin na Sauran Duniya, yana da shekara 43. Na daɗe ina kallon wannan hoton. Mutane ne da ba su san ranar fitarsu ba, ga sanyi ga ƙarancin abinci, amma an samu wanda ya zauna ya rubuta jadawali, domin kowa ya wayi gari da abin jira.

Bayan yaƙi ya koma garinsu, ya horar da Ayr United kaka ɗaya, 1918 zuwa 1919, sannan ya koma aikin jarida gaba ɗaya. Ya rasu a Glasgow ranar 20 ga Afrilu 1935, yana da shekara 63, shekara 34 cif daga ranar da ya fito gaban waccan runduna a Crystal Palace.